Ga-ruwan da kuturta ta zaunar: yadda wata ikilisiya a Maradi ta ɗauki nauyinsa, 2018 zuwa 2024

## Mutumin da wurin

Mutumin da wannan nazari ya shafa magidanci ne, Musulmi, Bagobiri daga wani ƙauye a yankin Tibiri. Shekarunsa sun ɗan haura arba'in lokacin da abin ya fara. Da cin rani ya soma shigowa Maradi, daga baya ya zauna gaba ɗaya, ya kama ɗaki a wata unguwa ta gefen gari inda famfo bai shiga kowane gida ba. Sana'arsa ga-ruwa. Yana hayar kura mai ɗaukar bido goma, wato jarkokin ruwa, ya cika a famfon unguwa, ya bi gida-gida tun daga asuba har la'asar. Matarsa ɗaya, 'ya'ya uku. Ba shi da ajiya, amma tukunyar gidansa ba ta taɓa kwana a kife ba.

A layin da yake kai ruwa akwai wata ƙaramar majami'a, ginin siminti da rufin kwano, masu sujada a cikinta ba su wuce gida talatin ba: malaman makaranta, teloli, ma'aikatan likita biyu, sai masu lambu. Kirista a Nijar 'yan kaɗan ne, domin ƙidayar 2012 ta nuna Musulmi sun haura kashi 99 cikin 100. Duk da haka ikilisiya tana da tsohon tushe a wannan yanki. Mishan ɗin SIM, wata ƙungiyar masu yaɗa addinin Kirista, ya shigo ƙasar ta Damagaram a 1924, ya kafa tasha a Tibiri 'yan shekaru bayan haka, a 1956 kuma ya buɗe asibitin kutare a Danja, kamar kilomita 15 kudu da gari a kan hanyar Ɗan Isa. Gidajen Kirista da dama a Maradi, in ka bi salsala, za ka tarar uba ko kaka ta ƙofar Danja ya shigo. Wannan tarihi ya taɓa lamarin ta fuska biyu. A cikin ikilisiyar akwai wadda ta san cutar tun tana yarinya. A cikin unguwa kuma akwai tsohon zargi cewa Kirista ba ya jinyar kowa sai da wata manufa.

## Sanyin 2018: tabo a baya

Matarsa ce ta fara gani. Tabo uku a baya da kafaɗa, fatar wurin ta fi sauran jiki haske, ba ƙaiƙayi, ba zafi. Aka ce kyasfi ne, ya sayi man shafawa wurin masu yawo da magani a tire. Bai tafi ba. Aka ce makero ne, wani mai maganin gargajiya ya haɗa masa sassaƙe na sha da na wanka. Aka yi wata shida a haka, tabon na ƙaruwa, shi kuma ya fara cewa tafin ƙafarsa ta dama ya yi masa nauyi.

Gwajin da ya kamata a yi ba ya cin ko dala: a rufe wa mutum ido, a taɓa tabon da auduga, a tambaye shi ko ya ji. Tabon da ba ya ji shi ne babbar alamar kuturta. Ƙwayar cuta ce ke kawo ta, wadda wani likitan ƙasar Norway mai suna Hansen ya gano a 1873. Tana bi ta numfashi idan an daɗe ana zama kusa da wanda bai fara magani ba, tana iya kwanciya a jiki shekara biyar ko fiye kafin ta bayyana, kuma yawancin mutane jikinsu na kashe ta ba tare da sun sani ba. Jijiya take ci. Yatsun da ake ganin sun gutsure ba cutar ce ke cinye su kai tsaye ba. Rauni ne da ƙuna da mutum ba ya ji, su ruɓe har su kai ƙashi.

A unguwa ba haka aka san ta ba. Wasu na cewa gado ce, wasu na cewa haɗa kifi da nono ne, wasu na cewa sakayyar rantsuwar ƙarya ce. Shi kansa ya yi zargin abin tun da wuri, kuma saboda wannan zargin ne ya ƙi zuwa likita. Yana tsoron a faɗi sunanta.

## Daminar 2019: ƙusa

Wata rana ƙusa ta huda silifarsa ta shige tafin ƙafa. Ya yini yana tura kura bai sani ba, sai da yamma wani yaro ya nuna masa jini a sawunsa. Raunin bai warke ba, domin kullum yana taka shi da nauyin bido goma. Kafin kaka ya zama gyambo mai wari. A lokaci guda yatsu biyu na hannun hagu, ƙaramin da na kusa da shi, suka fara lanƙwashewa.

Ba wanda ya ce masa kome a fuska. Wannan gida ya ce randa cike take, wancan ya ce an sami wani mai kawowa. Mai kura ya karɓe kurarsa. Dangin matar suka zo suka tafi da ita da yaran, ba saki, ba kuma ranar dawowa. Mai gida ya tashe shi, ya koma wani kango a ƙarshen layi. Daga nan sai bara: Juma'a a ƙofar masallaci, Lahadi a bakin majami'ar, inda ya san mutane da sunayensu tun yana kai musu ruwa.

Lokacin bai yi wa ikilisiyar daɗi ba. A tsakiyar watan Yuni na wannan shekara an ƙona wata majami'a a unguwar Zariya cikin dare, bayan kama wani limami, kuma duk Kiristan gari sun shiga taka-tsantsan. Dattawan ikilisiya sun yi ta shawara ko a bar wani ya riƙa zama a ƙofa. Aka bar shi don an san shi.

## Oktoba zuwa Disamba 2019: tiya biyu a mako

Zumuntar Mata, ƙungiyar matan ikilisiyar, ita ce ta kawo maganarsa gaban dattawa. Fasto ya yi wa'azi a kan wasiƙar Yaƙub sura 2, inda aka ce in ɗan'uwa ba shi da tufa ko abinci ka sallame shi da fatan alheri kawai, ba ka yi masa kome ba. Aka yanke shawara uku: tiya biyu ta hatsi kowane mako, sabulu ɗaya, da baiko na musamman, wato kuɗin da masu sujada ke tarawa, a Lahadin farko ta kowane wata.

Yadda ake ba shi kuwa, bayan an tashi sujada sai a kira shi bakin ƙofa, dattijo ya miƙa masa ƙunshin a gaban jama'a, a yi addu'a, a watse. An ware masa kwano da kofi, ana ajiye su a gindin dogon yaro. Cikin wata uku ba wanda ya taka kangonsa, ba wanda ya ba shi hannu.

Wani saurayi mai bishara shi kaɗai ya riƙa zama da shi, da zuciya ɗaya kuwa. Sai dai kowace hira tana ƙarewa da gayyata. Wata Lahadi ya shigo da shi gaban ikilisiya ya faɗi alherin da aka yi masa, wani ya ɗauki hoto da waya, hoton ya shiga WhatsApp.

A ƙarshen Disamba ga inda aka tsaya: ba ya kwana da yunwa, gyambon yana nan yadda yake, yana kuma sayar da rabin hatsin ya sayi kafso wurin masu tire.

## Janairu zuwa Mayu 2020: zuwan farko Danja

Lahadin ƙarshe ta Janairu ita ce ranar tunawa da masu kuturta a duniya, wadda Bafaranshe Raoul Follereau ya assasa a 1954. A ranar, wata tsohuwa a Zumuntar Mata, wadda mahaifiyarta ta yi jinya a Danja, ta tashi ta ce wa dattawa: "'Ya'yana, hatsi ba ya kashe wannan cuta. Ku kai shi inda aka san ta."

Aka kai shi. Aka tabbatar kuturta ce, irin mai yawan ƙwayoyi, wadda maganinta wata goma sha biyu ne. Magunguna uku ake haɗawa, rifamfisin, dafson da kilofazimin, tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 1981, kuma tun 1995 kyauta ake ba da shi. Kowane kati na kwana 28 ne. Kashi na farko a gaban ma'aikaci ake sha, sauran a gida. Da an fara sha, mutum ya daina yaɗa cutar. An yi masa wannan bayani duka, amma shi kaɗai ya ji shi, domin wanda ya rako shi yana waje yana jira.

Ya sha kati uku ya tsaya. Dalilan sun taru ne a lokaci guda. Fitsarinsa yakan yi ja ranar da ya sha rifamfisin, ya ɗauka jini ne. Kilofazimin ya sa fatarsa ta yi duhu, har masu wucewa na cewa cutar ta ci gaba. Yatsun da suka lanƙwashe ba su miƙe ba, gyambo bai rufe ba, sai ya ga kamar maganin ba ya aiki. Sannan korona ta shigo a watan Maris, gwamnati ta rufe masallatai da majami'u har tsakiyar Mayu. Ba sujada, ba baiko, ba kuɗin mota. Ba a ɗora wa kowa alhakin tuna ranar karɓar kati ba, don haka ba wanda ya lura ranar ta wuce.

Da ruwa ya sauka ya koma ƙauye noma. Hoton nan ya riga shi isa. Yayansa ya tarbe shi da cewa ya sayar da addininsa a kan tiya biyu. Aka ba shi bukka a bayan gida, ya yi damina yana noma da ƙafar da ba ta ji, ya dawo Maradi bayan girbi gyambon ya ninka.

## Fabrairu zuwa Mayu 2021: sabuwar kura

Ikilisiya ta ji kunyar abin da ya faru, ta ce wannan karon jari za a ba shi ya tsaya da ƙafarsa. Aka tara kuɗi aka saya masa kura da bido goma. Ya yi murna ƙwarai. Gidajen Kirista suka yi alkawarin saye, wasu suka cika, wasu suka riƙa biya suna zuba ruwan a wanki kawai.

Cikin mako bakwai na zafin bazara ƙafar ta kumbura har ƙwauri, zazzaɓi ya kwantar da shi. Aka ɗauke shi zuwa Danja, aka kwantar da shi, aka cire yatsun ƙafa biyu da suka riga suka ruɓe. Tun da ya yi fiye da shekara bai sha magani ba, sai aka ce za a faro daga kati na ɗaya.

## Yuni 2021: zama biyu

Yana kwance aka yi zama na farko, na dattawan ikilisiya. Wani ma'aikacin likita daga cikinsu ya shimfiɗa musu lissafi: an kashe kuɗi a kan hatsi, an kashe a kan kura, amma ba wanda zai iya faɗin ranar da mutumin ya sha ƙwayarsa ta ƙarshe. Maganar hoto ta taso. Mai bisharar ya kare kansa.

"Baba Fasto, in mun warkar da jiki muka bar rai, me muka yi ke nan?"

"Ɗana, kutare goma Yesu ya warkar, ɗaya ne ya dawo. Ka taɓa karanta inda ya mayar wa sauran taran cutarsu?"

Aka tsayar da ƙa'ida: ba za a ƙara ba shi kome a gaban jama'a ba, ba hoto, ba shaida, ba gayyatar da aka ɗaura wa taimako. In ya yi tambaya a kan bangaskiya a amsa masa. In bai yi ba, a bar shi.

Zama na biyu a zauren mai unguwa aka yi, da limamin masallacin layin, da yayan mutumin da aka aika wa kuɗin mota ya zo. Fasto ne ya fara.

"Ranka ya daɗe, a kan ɗanku muka zo. Hoton da ya fita laifinmu ne. Ba mu ce ya bar sallarsa ba, ba kuma za mu ce ba. Magani muke so ya sha wata goma sha biyu ba fashi, mu kaɗai kuwa mun gwada mun kasa."

Yayan bai saki fuska ba. "To mi za ku samu?"

"Maƙwabcinmu ne, Malam. Shekara nawa yana shayar da mu."

Liman ya tambayi abu ɗaya, ko mai shan magani zai iya shafa wa wanda ke kusa da shi a sahu. Ma'aikacin likitan ya ce a'a, ya yi bayani. Liman ya ce to in an sallamo shi ya zo masallaci, shi da kansa zai tsayar da shi. Aka raba aiki aka rubuta a littafin kwamiti. Yayan zai turo ɗansa mai shekara 15 ya zauna da shi. Mai unguwa zai nemo ɗaki mai ƙofa. Ikilisiya za ta biya haya da kuɗin mota, ta ci gaba da hatsi, amma a kai shi gida da dare. Wani dattijo, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya, zai riƙe kwanan wata, ya raka shi karɓar kowane kati, ya kuma shiga ciki ya ji bayani da kunnensa.

## Yuli 2021 zuwa Mayu 2022: daro, dutse da man kaɗe

Wannan ne zangon da ya fi tsawo, kuma a cikinsa ba a yi wani abin da za a ba da labari a taro ba. Abu ɗaya ne ake maimaitawa kowace yamma.

Tsohuwar nan ita ta san aikin, amma ba zai yiwu ta riƙe ƙafar namijin da ba muharraminta ba a unguwa irin wannan. Sai ta zauna a tabarma gefe tana ba da umarni, dattijon ya durƙusa yana yi. A zuba ruwa a daro, ba mai zafi ba, kuma mai lafiya ne zai fara sa hannu ya ji, don shi mai ƙafar ko tafasasshe ne ba zai sani ba. A jiƙa ƙafa kamar rabin awa. A ɗauki dutsen goge kaushi a bi gefen fason a hankali, kada a taɓa bakin raunin. Tun ƙafar na da danshi a shafe ta da man kaɗe, saboda fatar da jijiyarta ta mutu ba ta yin gumi, bushewa take yi ta tsage, ta tsagar kuma sabon gyambo ke shiga. A buɗe tsakanin yatsu a duba ɗaya bayan ɗaya. A sa madubi ya ga tafin da idonsa. A miƙar da yatsun hannu a murza su da mai don kada su ƙara sandarewa. Raunin kansa ma'aikacin likitan ke wankewa ya ɗaure, da safar hannu, sau biyu a mako.

Mai ƙafar yakan ce, "Inna, yau ma sai an yi? Jiya fa aka yi."

"Jiya ka ci tuwo, ɗana. Yau ba za ka ci ba?"

Ta hana shi abubuwa da yawa. Kada ya sa takalmi sai ya zazzage shi. Kada ya ɗauki butar shayi sai da tsumma. Kada ya zauna kusa da wuta lokacin sanyi. Mako shida na farko da sanduna ya yi tafiya, ƙafar ba ta taɓa ƙasa ba, abin da ya fi komai rufe gyambon ke nan. Daga baya aka kai wa wani mai gyaran takalmi a kasuwa bayanin da ma'aikatan lafiya suka bayar, ya ɗinka masa takalmi mai taushi a ciki, mai tauri a ƙasa, ba ƙusa ko ɗaya.

A mako na biyu wani abu ya faru wanda ba a tsara ba. An dama fura, mutumin ya sha, ya ajiye ludayi yana jiran a kawo wa baƙo nasa. Dattijon ya ɗauki ludayin nan ya ci gaba da sha suna hira. Ƙofa a buɗe take, yaran layi na leƙe. Kafin magariba labarin ya zaga unguwa. Dattijon ya ce shi bai yi don a gani ba, ƙishirwa yake ji. Amma a Markus sura 1, da kuturu ya roƙi Yesu, sai da ya miƙa hannu ya taɓa shi, alhali magana kaɗai ta isa. Tsohon malamin ya san wannan wuri sarai. Bayan wata guda yaron da aka turo ya karɓi aikin daro, dattijon ya koma zuwa sau biyu a mako.

A wata na huɗu gwiwar hannunsa ta dama ta kama ciwo cikin dare, tsofaffin tabo suka kumbura suka yi ja. Irin wannan tashin jiki yakan zo ana tsakiyar magani, kuma shi ne ke kashe jijiya cikin 'yan kwanaki in an yi sakaci. Yaron ya buga wa dattijo ƙofa da asuba, kafin azahar suna Danja. Aka ɗora shi a kan maganin kumburin jijiya na makonni, ana rage shi sannu a hankali. Hannun dama ya tsira.

A wannan zuwan ne aka nemi a kawo duk wanda ya zauna da shi a duba. Matan Zumunta biyu suka je har gidan iyayen matar. Aka duba ta da yaran uku. 'Yarsa ta tsakiya, mai shekara tara, aka sami tabo ɗaya a cinyarta wanda ba ya ji. Ta sha magani wata shida ta warke, ba abin da ya sami hannunta ko ƙafarta. Zirga-zirgar karɓar katin yarinyar ce ta dawo da uwar Maradi, da farko kwana ɗaya, daga baya ta zauna.

Ya shanye kati na goma sha biyu a watan Mayu 2022. Gyambon ya riga ya rufe tun sanyi.

## 2022 zuwa 2023: sana'ar zaune

An fara gwada masa tebur na ƙuli-ƙuli da gyaɗa. Ba a saya ba. Mutane sun yarda su gaisa da shi, ba su kai ga cin abin da ya taɓa ba. Aka canza zuwa gawayi, itace da igiya, ciniki ya kama. Kurar nan da ta kusa cinye masa ƙafa aka ba wani saurayi haya, yana kawo dala ɗari kowace yamma. Matar ta shiga asusun matan unguwa, irin tsarin Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta faro a wannan jiha ta Maradi a 1991, ta ɗauki rance ta ƙara buhun gawayi. Hausawa sun ce kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano. Ranar da ya fara ba wani maƙwabci bashin gawayi, gaisuwar layin ta canza.

Aka rage hatsi zuwa tiya ɗaya, a kakar 2022 aka tsayar, da saninsa da yardarsa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da aka rufe iyaka da Najeriya kaya suka yi tsada a Maradi, kwamitin ya mayar da tiya ɗaya na wata huɗu, sannan ya sake tsayarwa. An buɗe iyakar a Maris 2024.

## Ƙarshen 2024: inda lamarin ya tsaya

Ruwan da ya yi ɓarna a Maradi a ƙarshen Agusta 2024 ya rushe katangar gidan da suke haya. Ya yini cikin ruwa yana kwashe kaya, tsohon gyambon ya sake buɗewa. Matarsa ta gani a rana ta biyu, ya koma kan sanduna, ya rufe cikin mako biyar.

Yatsu biyu na hannun hagu suna nan a lanƙwashe, haka za su zauna. Tafin ƙafar dama ba zai ƙara ji ba. Duhun fatar ya washe. Yana biyan hayarsa da kansa. Musulmi ne, yana salla a sahu. Ran Kirsimeti ana kai masa abinci, ran Salla yana aiko wa dattijon da nama. Yayansa yana zuwa gaishe shi, amma har yanzu ba ya cin kwano ɗaya da shi.

## Abin da lamarin ya nuna

Shekara ɗaya da rabi ta farko ba rowa ce ta ɓata ta ba. Ikilisiyar ta bayar, har fiye da ƙarfinta. Abin da ta bayar ne bai dace da ciwon ba, domin ba wanda ya matsa kusa ya ga ciwon. Wanda ya taɓa kwance tsumman ƙafar nan ya duba ba zai saya wa mai ita kura ba. Hatsin ya yi amfani, ya hana yunwa, amma miƙa shi a bakin ƙofa gaban jama'a ya ƙara tabbatar wa unguwa, da shi kansa, cewa shi almajiri ne yanzu. Hoton kuwa ya fi kome tsada. Ya raba shi da danginsa a daidai lokacin da ya fi bukatarsu, ya kuma ba tsohon zargin nan hujja.

Zuwan farko Danja ya lalace ne a gida, ba a asibiti ba. Magani na wata goma sha biyu da ke canza launin fata, wanda kuma ba ya miƙar da yatsan da ya riga ya lanƙwashe, yana bukatar mutum na biyu da ya ji bayanin, mai riƙe da kwanan wata. Da aka sami wannan mutum, magani ɗaya ne, asibiti ɗaya ne, sakamako ya bambanta. A Luka sura 10, Basamariyen da ya tsinci mutumin da 'yan fashi suka raunata bai tsaya ga ɗaure rauni ba, ya ce wa mai masauki zai dawo ya biya abin da ya ƙaru. Dawowar ce ikilisiyar ta rasa a 2020.

A kan maganar bishara, har yau ba a zama baki ɗaya ba. Akwai masu ganin an yi shekara biyar ana wahala mutum bai karɓi Almasihu ba, don haka aikin bai cika ba. A ganina ƙa'idar da dattawa suka tsayar ita ce daidai, ko ta fuskar bangaskiya ko ta fuskar jinya. Mayunwaci zai amsa kowace gayyata da baki, kuma amsar da tiya ta saya ba ta da daraja ga kowa. Ban da haka, da ba a cire sharaɗin ba, liman ba zai buɗe sahu ba, yayan ba zai turo ɗansa ba, kuma yaron nan ne ya buga ƙofa da asuba ranar da hannun dama ke shirin tafiya. Mai bisharar, a yi masa adalci, shi ne kaɗai ya zauna da mutumin lokacin da kowa ke miƙo kwano daga nesa. Yanzu yana cikin masu rakiya zuwa asibiti.

Akwai ɓangaren da ba tsari ba ne, dace ne: samun tsohuwar da ta girma tana kallon ana jiƙa ƙafar mahaifiyarta, da dattijon da ya yi ritaya yake da lokaci. Ba kowace ikilisiya ke da su ba, wannan ma ba za ta daɗe da su ba, don tsohuwar ta daina fita sosai. Kwamitin ya sa matasa biyu, mace da namiji, su koyi aikin a hannunta da hannun ma'aikacin likitan. A littafin kwamitin yanzu akwai sabbin sunaye biyu, wata bazawara mai ciwon suga da wani tsoho da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, kuma baikon wata-wata na mutum ɗaya yake isa. Dattawan sun sa ranar komawa zauren mai unguwa a kan wannan.